Kilo Tara da Farar Roba

Kilo tara ne suka shiga tsakanina da aikina. Likitan ma'aikata ne ya rubuta haka a takarda, ya buga hatimi, ya miƙo mini ko ɗago kai bai yi ba. Shekara goma sha bakwai ina aikin kashe gobara, sai ran nan rufin wani sito ya rufto mini a gadon baya. Aka yi mini aiki, na kwanta wata takwas ina kallon silin, ina cinye duk abin da 'yan dubiya suka kawo. Da ƙwanji na shiga asibiti, da tumbi na fito.

Baya ya warke, likita ya ce in ɗaga abin da nake so. Amma sikeli ya nuna kilo ɗari da huɗu, dokar wurinmu kuwa ta ce mai tsayina ba zai koma kan mota ba sai ya sauko casa'in da biyar, sannan ya hau bene hawa biyar da tiyo a kafaɗa cikin lokacin da aka yanka. Sati goma sha biyu aka ba ni. In na kasa, teburin amsa waya yana jirana a ɗakin gaba, inda ake ajiye waɗanda gwiwa ta ci amanarsu. Ni kuwa a duniya ba abin da na iya sai shiga inda kowa ke fitowa da gudu, kuma ina son aikin nan fiye da yadda ya kamata babban mutum ya so aiki.

Daga asibiti na biya ta kemis inda yayata take aiki. Ta karanta takardar, ta dubi cikina, ta sauko da wata ƙaramar roba daga kanta.

"Garin furotin ne. In za ka saya, kada ka dubi gaban robar, duk hoton ƙatti ne. Juya bayanta. Duba giram nawa ne furotin a cokalin awo guda, giram nawa ne sukari. Abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi shi ya fi yawa a ciki. In ka ga cokalin awon ya kai kofin shayi girma, ba naka ba ne, na ramammu ne masu neman ƙiba."

"Yaya, ke da ba ki taɓa ɗaga abin da ya fi kwalbar maganin tari nauyi ba?"

"Na goya ka, ai na ɗaga. Kuma ka ji, wannan taimako ne kawai. Ƙwai da kifi da wake, ka rage loma, ka yi tafiya. Shi ne aikin."

Na yi mata dariya, na mayar da robar kan kanta, na ce ina da gwani. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunya ta kama ni.

Gwanin nawa shi ne Koci. Tun muna samari muke tare, lokacin da ƙarfen ɗagawarmu gwangwani biyu ne cike da siminti da sandar famfo a tsakani. Ni na shiga aikin gobara, shi ya buɗe wurin motsa jiki a saman wani shagon taya. 'Ya'yana Baffa suke ce masa. Da ina kwance a asibiti shi yake juya ni in maman yara ta gaji, shi yake riƙe ni in za ni banɗaki. Mutumin da ya gan ka a wannan hali, ba ka tambayarsa abin da ya zuba maka a kofi.

Na hau benen nasa ina haki tun a hawa na farko. Wurin yana nan yadda na san shi: madubi mai tsagewa a kusurwa, fanka biyu ɗaya ba ta juyawa, warin roba da gumi, da kanta a bayan tebur cike da robobi masu launi. Ya karanta takardar likita, ya zagaya ni sau ɗaya, ya ɗan daki cikina da bayan hannu.

"Dogo, wata nawa ne cikin?"

"Takwas. Kai za ka karɓi haihuwar."

Muka yi dariya. Na nuna robobin kanta na ce wanne zan ɗauka. Ya girgiza kai.

"Waɗannan na baƙi ne. Kai naka daban zan haɗa maka."

Ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da wata farar roba wadda ba rubutu a jikinta, gaba ko baya. A ciki akwai gari mai ƙamshin alewa da wani cokalin awo ƙato. Ya ce uku da safe, uku da yamma, a dama da madara. Maganar Yaya ta cokali da kofin shayi ta faɗo mini a rai, na kore ta. Na ce ba za mu ɗauki hoton farawa ba, kamar yadda yake yi wa kowa? Ya ce in bari tukuna, ba a gaggawa.

Na shiga aiki ba wasa. Da sassafe ina wurin kafin mai shagon taya ya buɗe. Ina ɗaga ƙarfe, ina jan igiya, ina hawa da sauka a matakalarsa da jakar yashi a kafaɗa. A gida na rage loma har maman yara ta fara tambaya ko girkin ne ya daina yi mini daɗi. Garin nan kuwa ban taɓa tsallake shi ba. Zaƙinsa har cikin haƙori, in na sha sai in ji ciki ya yi dam, barci yana fizgata.

Ƙarshen sati na biyu sikeli ya ce ɗari da shida.

"Tsoka ce," in ji Koci. "Ta fi kitse nauyi. Jikinka yana farkawa ne."

Sati na huɗu, ɗari da takwas. Wandon aikina da nake gwadawa duk Juma'a, wanda da farko yatsa biyu ya rage ya rufe, yanzu sai huɗu. Na sha jinin jikina, na sami Koci a gefe na ce anya. Ya dafa kafaɗata ya dube ni cikin ido.

"Ni zan cuce ka, Dogo?"

Na ji kunyar tambayar da na yi. Har haƙuri na ba shi.

A sati na shida, ran nan bayan na ci abincin rana, ya kira ni a waya ya ce yau za mu ɗauki hoton. Na je. Ya miƙo mini gorar ruwa babba ya ce in shanye, wai don tsoka ta fito. Ya tsayar da ni ƙarƙashin fitilar da ke tsakiyar ɗaki, ya ce in cire riga.

"Saki cikin. Kada ka riƙe numfashi. Sauke kafaɗa. Kada ka yi murmushi, ba biki ba ne."

"Wa zai ga wannan?"

"Ni da kai. Ranar da ka ci jarrabawa mu kalla mu yi dariya."

Ban da maman yara da ma'aikatan asibiti da shi, ba wanda ya ga cikin nan. Ko a gida da riga nake zama saboda yara. Na tsaya na saki komai, ya ɗauka sau huɗu ko biyar. A ranar sikeli ɗari da goma ya nuna.

Da zan tafi ya karɓi farar robar, ya ba ni wata, ita ma fara. Ya ce mataki na biyu ke nan. Wannan garin ba zaƙi, cokalinsa ƙarami, ɗaya kawai a rana, da ruwa. Cikin kwana goma kilo biyu suka tafi, barcin rana ya sake ni, na fara hawa benen ba tare da na dafa bango ba. Na riƙa yi wa Koci addu'a a gaban yarana. Na ce wa Yaya a waya ta ga aikin gwanaye, ita ta tsaya a maganin tari.

Saura sati uku jarrabawa, direban motarmu ya kira ni da hantsi.

"Dogo, barka. Ashe har ka dawo ba labari? Oga ma ya gani, ya ce a ajiye maka wurinka."

"Ya ga me?"

"Hotonka mana. Ga shi nan a tashar bas, daidai ƙofar ofis. Kai, wannan gari yana aiki. Ni ma na sa a kawo mini."

Na sa riga na hau bas. Tun daga nesa na hango shi, allo ne mai tsayin mutum a jikin rumfar tasha. A hagu ga ni ƙarƙashin fitilar Koci, tumbi a sake, kafaɗa a zube, fuska kamar wanda aka yi wa rasuwa. A dama ga ni kuma, ƙirji a buɗe, ciki a shafe, ina dariya. A sama an rubuta KAFIN da BAYAN SATI SHIDA. A ƙasa ga wata baƙar roba mai tambarin wurin Koci, da lambar wayarsa.

Na san hoton dama. Shi ya ɗauke ni shekara shida da suka wuce, ranar wasannin ma'aikata, bayan mun ci jan igiya.

Wasu mata biyu suna jiran bas, ɗaya ta nuna na hagun da baki, suka kwashe da dariya. Ba su gane ni ba. Na ja rigata ƙasa na tsallaka titi ta bayan ofis don kada abokan aiki su gan ni.

Ban wuce wurinsa kai tsaye ba, don na san hannuna. Na je gida na ɗauko ragowar garin farko da maman yara ta juye a kwalba, na kai wa Yaya tare da hoton allon a waya. Ta daɗe tana kallon hoton, ta ƙara masa girma da yatsa.

"Wannan gari ya iya aiki. Har tabon ƙunar hannunka ya goge."

Sai a lokacin na lura. Tabon da na samu shekara uku da suka wuce yana nan a hannun hagu na mai tumbi. Mai dariya ba shi da shi.

Ta lakaci garin ta ɗanɗana, ta murza shi a yatsa, ta tambayi girman cokalin da yawan da nake sha. Da na faɗa sai ta zauna a kan kujera.

"Ba zan rantse ba tunda ba rubutu. Amma wannan zaƙin da wannan cokalin, na masu neman ƙiba ne. Yawancinsa sitaci da sukari. Shida a rana da madara? Ƙanina, abincin mutum guda ka riƙa ɗorawa a kan naka."

Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da na ji sauƙi.

Na sami Koci da la'asar, wurin cike da mutane, ana layi a gaban tebur, baƙaƙen robobi jere a kanta inda masu launi suke a da. Yana ganina ya taho da fara'a, hannu a buɗe. Na ce mu shiga ɗakin ajiya. A can, bayan ƙofa, ga wani babban buhu mai hoton ƙato a gaba, an yanke bakinsa, ya kusa ƙarewa. Na juya bayansa kamar yadda Yaya ta koya mini tun ranar farko. Na karanta abin da aka fara rubutawa. Na sa hannu na lakato, zaƙin nan ne da na sani har cikin haƙori.

"Wannan ka ba ni sati shida."

Ya rufe ƙofa. Ko musu bai yi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

"Zauna, Dogo, in yi maka bayani."

"A tsaye zan ji."

"Ranar da ka zo, cikin bai kai ba. Kana da faɗin ƙirji, in an ɗauke ka a haka ba wanda zai ce ga mai teɓa. Ina da hoton bayan tun tuni, na farkon ne babu. Na ce bari ka ɗan ƙara kaɗan, mu ɗauka, sannan mu sauke shi gaba ɗaya. Na san jikinka fiye da kai. Sati shida sun ishe ka."

"Sha biyu likita ya ba ni."

"To ai ga shi kana sauka. Wanda kake sha yanzu mai kyau ne, wallahi na gaske ne."

"Shi ne a cikin baƙar robar?"

Ya kau da kai ya gyara wani kwali da ƙafa.

"Wurin nan ya kusa rufewa, Dogo. Kai kana da albashi ko a tebur ko a mota. Ni in ba wannan ba, ba ni da komai. Da na tambaye ka ai da ka yarda."

"Me ya hana ka tambaya?"

Ni na san amsar. Da ya ce in ba shi tsohon hotona, wataƙila da na yi tsaki na ba shi. Da ya ce in tsaya ba riga, da na yi gardama, daga baya in tsaya, don shi ne. Amma sati shida daga cikin sha biyun da aikina ya rataya a kansu, wannan ya san ba zan bayar ba, shi ya sa ya ɗauka da kansa. Ya zauna ya auna abin da zan iya rasawa, ya ga bai fi ƙarfina ba, ya yanke hukunci shi kaɗai. Kuma kullum da safe yana tsaye a kaina yana ƙirga mini ɗagawa, yana cewa saura biyu, mutumina, saura ɗaya.

Na ce ya sauke allon. Ya ce an riga an biya na wata uku, ba a hannunsa yake ba. Na ajiye masa farar robarsa ta biyu da na zo da ita a kan buhun na fita. Wani a layi ya gane fuskata, ya dubi cikina, ya sake duban fuskar. Ban tsaya ba.

A gida ƙaramar 'yata ta tambaya ko Baffa zai zo ranar Asabar kamar yadda ya saba. Maman yara ta ce mata Baffa aiki ya yi masa yawa. Ni na shiga ɗaki.

Sati ukun da suka rage a matakalar gidanmu na yi su, da jarkar ruwa a kafaɗa. Na koma kemis na ɗauki ƙaramar robar nan da na mayar ranar farko, na karanta bayanta da kaina a gaban Yaya, layi bayan layi. Ƙwai, kifi, wake, tafiya. Maman yara ta daina sa sukari a shayin kowa don kada in gani. Ban taɓa wahala irin ta kwanakin nan ba, ko a horon shiga aiki.

Ranar jarrabawa duk 'yan motarmu sun fito tsakar ofis. Oga ya riƙe hannuna ya ce ya ga abin mamaki a tasha, yau sai dai a cika takarda kawai. Likita ya ce in cire riga in hau sikeli. Na cire. Kowa ya dubi cikina. Direba ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

"Ɗari da ɗaya," in ji likita.

Daga ɗari da goma zuwa ɗari da ɗaya. Na tsaya a kan sikelin ina lissafi kamar ɗan makaranta. Tara aka ce in sauke, tara na sauke, ba ƙari ba ragi. A sati shida na yi abin da aka ba ni sha biyu in yi. Da daga inda na fara na fara, da yanzu ina kan casa'in da biyar.

Na roƙi a bar ni in hau benen duk da haka. Oga ya dubi likita, likita ya ɗaga kafaɗa. Na saɓa tiyo na hau hawa biyar, na sauko cikin lokaci, har da ragowar daƙiƙa huɗu. Aka tafa mini. Likita ya ce ya gani, amma takarda gida biyu gare ta, kuma dole a cike duka biyun. Sake jarrabawa sai bayan shekara, in akwai gurbi. Gurbina kuwa a makon aka ba wani.

Yanzu wata guda ke nan ina ɗakin gaba. Waya uku ne a gabana, da littafin rubuta adireshi, da maɓallin ƙararrawa. Tagar ɗakin tana kallon tashar bas, allon yana nan, rana ta fara cin launinsa. Koci ya kira sau goma sha ɗaya, ban ɗauka ba. Ya aiko da saƙo cewa in zo mu fara shirin baɗi, kyauta. Direba ya kawo mini baƙar robar da ya saya ya ce in duba masa. Na juya bayanta, ba komai sai tambari da lambar waya. Na ce ya kai wa Yaya.

Jiya da hantsi waya ta biyu ta yi ƙara, wata mata tana kuka, shagon ɗinki ya kama da wuta, akwai mutane a sama. Na rubuta adireshi, na danna ƙararrawa. Kafin in san abin da nake yi na riga na kai bakin ƙofa, hannuna ya miƙa wurin ƙugiyar da hulata take rataye shekara goma sha bakwai. Wata hula ce a wurin, mai ita ya zo da gudu ya ce, "Gafara, Dogo," ya zare ta ta ƙarƙashin hannuna. Motar ta fita da jiniya, ta karya kwana ta gaban allon.

Matar tana kan layi har lokacin. Na koma na zauna, na ɗauki wayar, na ce mata ta yi haƙuri, suna hanya.